Ranar da Laulayi Ya Yi Shiru

Shekara goma sha ɗaya ina bandar kifi a Yelwa,
hayaƙi ya san fuskata, ni ma na san halinsa.
Tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa,
da hanci nake gane wanda ya kwana a taru.
Sai wata Talata
na buɗe kwandon da Ilu ya kawo daga bakin Kwara,
cikina ya juya kamar kwalekwale a hannun yaro.
Na ruga bayan danga.
Kazata ta biyo ni tana murna.

Wata ya tsaya, ya raba, ya ɓace,
ban yi fashin salla ko ɗaya ba.
Na kama bakina.
Amma bakin ya ƙi kamuwa:
yawu yake tarawa kamar rijiyar fadama,
ina yawo da gwangwanin madara, da toka a gindinsa.

Tuwon shinkafar da na girma a kansa ya zama abokin gaba.
Rigar Juma'ar Ilu ta kwana a kan danga
don turarenta ya hana ni numfashi.
Da tsakar dare na tashe shi, gauta nake so, mai ɗaci,
ya bi gari da fitila har ya samo guda uku.
Na kalle su a tafin hannunsa,
na fashe da kuka, ban taɓa ko ɗaya ba.
Ƙirji ya yi nauyi, ko zane ya goga sai na ce wash.
Sau biyu barci ya sace ni ina zaman tahiya.

Sai safiyar Lahadi na farka garau.

Yawu ya ƙafe.
Na ci ɗumame har na suɗe kwano.
Na kai hanci bakin kwando, kifi dai kifi ne.
Maƙwabciya ta leƙo ta ce, barka, kin warware.
Ni kuwa gwiwata ta yi sanyi,
don bara waccan ma haka aka yi:
lafiya ta zo ta kwana uku a ɗakina,
ran na huɗu na wanke zane cikin duhu,
na shanya shi inda ido ba ya kai.

Na tafi ɗakin awo ba ranar awo ba.
Malama Hajo ta aza hannunta mai sanyi a marata,
ta ce, ke ɗiya, mi ya kore ki haka?
Laulayi ruwan Kwara ne,
yau shi cika har gindin mangwaro, gobe shi ja baya,
wani lokaci gulbin na nan lafiya lau.
In kin ga jini, ko mara ta murɗa,
ki taho ko da tsakad dare.
Ba ta yi mini alkawari ba.
Ta rubuta wata rana a kati, ta ce in je in ci abinci.

Litinin na ci, ina jin haushin daɗinsa.
Talata na danna ƙirjina a ɓoye, ina neman zafi.
Laraba na zaga bayan gida sau tara,
ba don buta ta kira ni ba, don in duba.

Alhamis da hantsi
wata ta jefa daddawa a tukunya, can gida na uku.
Ban kai ga danga ba.
Na durƙusa ina amai ina dariya,
hawaye da hamdala duk a haɗe.
Ilu na tsaye da buta, ya rasa ko sannu zai ce ko barka.
Kaza ta iso kafin kowa.

Kai, ko ke, da ba ka kai ɗan yatsa ba,
ban san yarenka ba tukuna.
In ka yi shiru gobe, zan yi ƙoƙari in ce barci kake.
Yau dai koko rabin ludayi ya zauna,
kuma na sake zuba toka a gwangwani.